Babi na Shida: Allon Kariya a Batirin Haɗin Gida

Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, janareta ya fara zama kayan kallo a gidaje da shaguna da yawa. A watan Agustan wannan shekarar aka yanke wa Nijar wutar da take samu daga Najeriya bayan juyin mulki. Sannan a Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro. Mai shagon caji, da tela, da mai aski, da uwargida mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, kowa hankalinsa ya koma kan sola. Farantin sola dai ana iya lallaɓawa a saya. Batir ne mai cin kuɗi.

Samarin da ke gyaran waya da kwamfuta su suka fara hango mafita. Tsofaffin batiran laftof suna nan jibge a shagunan gyara, daga Beirut Road a Kano har Computer Village a Ikeja, kuma batirin da laftof ya ƙi karɓa ba lallai ne duk abin da ke cikinsa ya mutu ba. In ka sa sukundireba a gefen baƙar robar ka ɓalle ta, galibi za ka tarar da ƙwayoyi shida lulluɓe da leda ja ko koriya ko shuɗiya. Ana kiran su 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. A gefensu akwai wani siririn koren allo, 'yan wayoyi sun fita daga jikinsa zuwa kowace mahaɗa ta ƙwayoyin, wata 'yar waya kuma an manna kanta a jikin ƙwaya guda don jin zafinta. Mai haɗi yakan ciro ƙwayoyin ya wurgar da allon. Wurgar da shi ba laifi ba ne, tunda an ƙera shi ne domin wannan laftof ɗin kaɗai. Laifin shi ne a haɗa sabon batir ba a nemo wanda zai maye gurbinsa ba. Kamfanin da ya yi laftof ɗin yana lissafin kowane kwabo, kuma da ƙwayoyi sababbi fil, 'yan masana'anta ɗaya, ya yi aiki, amma duk da haka bai yarda ya saki batir ko guda babu wannan allo ba. To ina ga wanda ya tsinto nasa ƙwayoyin daga laftof ashirin, wata ta shekara biyar, wata goma?

Wannan allon shi ne masu sana'ar ke kira BMS.

Litiyam ba batirin ruwa ba ne

Batirin ruwa, na mota da na tubula, shi ya sangarta mu, domin akwai shi da haƙuri. In caji ya yi masa yawa sai ruwansa ya riƙa tafasa yana raguwa, a ƙara masa wani a ci gaba. Wannan tafasar ma ita ke daidaita ɗakunansa shida: ɗakin da ya riga cika yana zubar da rarar wutar a matsayin iska har na baya su iso. Litiyam ba shi da wannan ƙofa. Abin da ka ɗura masa yana nan ciki.

A cikin ƙwayar 18650 dogayen falle ne aka nannaɗe. Ɗaya na jan ƙarfe ne da aka shafe da baƙin garafait, ɗaya na alminiyam da aka shafe da sinadarin litiyam, a tsakaninsu kuma akwai fallen roba wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Dukkansu suna jiƙe da wani ruwan sinadari mai kama wuta. Wannan fallen robar shi kaɗai ya raba ɓangaren + da ɓangaren −.

Ƙwayar tana cika a bolt 4.2, tana aiki a wajen 3.6 ko 3.7, kuma ta ƙare a tsakanin 3.0 da 2.5. In caji ya wuce 4.2, litiyam zai fara taruwa a fuskar garafait ɗin a matsayin ƙarfe, yana fitar da tsinaye, ɗaya ɓangaren kuma ya fara rushewa yana sakin zafi da iskar oksijin. In kuwa aka tatse ta ta faɗi ƙasa sosai, jan ƙarfen ne zai fara narkewa cikin ruwan. Ranar ba abin da zai faru, shi ya sa mutane ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci. Sai an sake jona ta a caji jan ƙarfen zai koma ya daskare inda bai kamata ba, ya huda fallen. Saboda haka ƙwayar da aka tarar ta yi wata da watanni a bolt 1 ko sifili, "tayar da ita" da ake yi ta hanyar buga mata wuta daga wata ƙwayar ganganci ne.

Da zarar fallen ya huje, wuta za ta bi ta ciki, zafi ya tashi. A wajen digiri 130 robar ta fara narkewa, hujin ya faɗaɗa, zafin ya ƙaru, daga nan kuma abin ba ya tsayawa da kansa. Ƙwayar za ta yi feshin wuta, zafinta ya haura digiri 600, ta kunna ta kusa da ita, waccan ta kunna ta gaba. Ko an rufe ta da bargo ba lallai ta mutu ba, don wani ɓangare na oksijin ɗin daga cikinta yake fitowa. Hayaƙin ma guba ne.

Abin da caja ba ta gani

Hanya biyu ake haɗa ƙwayoyi. In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, duk kawunansu a haɗe, duk gindinsu a haɗe, an yi sahu ɗaya: bolt bai ƙaru ba, amma wutar za ta daɗe. In kuma aka ɗora sahu a kan sahu, kan wannan ya taɓa gindin wancan, bolt ne ke ƙaruwa. Idan ka ga an rubuta 3S10P, ana nufin sahu uku a jere, kowane da ƙwaya goma, jimla talatin. Irin wannan batir yana cika a bolt 12.6, wato 4.2 sau uku.

Mai haɗi da yawa zai ce maka, "Ai cajata mai kyau ce, a 12.6 take tsayawa cak, me zan yi da BMS?" Gaskiya ne tana tsayawa a 12.6. Amma caja waya biyu kawai take da su, ja da baƙa, kuma jimla kaɗai take gani. Ka ɗauka sahu na farko yana 4.0, na biyu 4.1, na uku kuma, da yake ƙwayoyinsa sun fi tsufa suna saurin cika, ya kai 4.5. Ka tara su: 12.6. A wurin caja komai lafiya lau, alhali sahu na uku ya riga ya shiga haɗari. Kamar a ɗora buhun hatsi uku a kan sikeli ɗaya ne a Dawanau: nauyin ya cika daidai, amma sikelin ba zai gaya maka ɗaya buhun ya kusa fashewa, ɗaya kuma bai cika ba.

Wajen amfani da wutar ma haka ne. Na'urar da aka saita ta tsaya a bolt 9 za ta ci gaba da ja alhali sahu biyu suna 3.6 da 3.5, na ukun kuma ya faɗi 1.9. Kuma abin ba ya gyaruwa da kansa, ƙara lalacewa yake. Sahun da ya fi rauni shi ke riga cika, shi ke riga ƙarewa, shi ke shan wahala sama da ƙasa a kullum, gobe ya tashi ya fi jiya rauni. Batirin da aka haɗa ba allo yana iya yin wata uku ko shida yana aiki sumul, mai haɗi ya riƙa bugun ƙirji. Tazarar tana nan tana faɗaɗa bai sani ba.

Allon kariya yana da waya a kowace mahaɗa, don haka sahu-sahu yake gani. Da ɗaya ya haura iyakar sama, sai ya yanke caji, ko da sauran ba su cika ba. Da ɗaya ya faɗi ƙasan iyaka, sai ya yanke fitar wuta. In aka ja amfiya fiye da ƙima, ko wayoyi suka haɗu suka yi shot, kafin ƙiftawar ido ya tsinke. Wanda ke da 'yar wayar jin zafi yana tsayar da komai in batir ya ɗau zafi. Yankewar kuwa wasu ƙananan baƙaƙen makunnai ne ke yin ta, waɗanda ake kira mosfet, jere a kan allon. Ko ɗan allon cajin ƙwaya ɗaya da yara ke haɗa fawa-bank da shi, wanda ake kira TP4056, iri biyu ne a kasuwa: akwai mai caji kawai, akwai wanda aka ƙara wa 'yan ƙwaƙwalwa biyu, DW01 da 8205A, masu yin kariya. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma sau da yawa na farkon ake ɗauka.

Zaɓen allo

A nan aka fi yin kuskure, kuma ba don rowa ba, don rashin sani. Litiyam ɗin da ke kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Ƙwayoyin laftof su ne masu cika a 4.2. Akwai kuma irin da ake rubutawa LiFePO4, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas ya fito da shi a shekarun 1990. Goodenough ɗin nan yana cikin mutum uku da suka samu kyautar Nobel ta 2019 a kan batirin litiyam, yana da shekara 97 a lokacin. Wannan iri yana aiki a bolt 3.2, yana cika a 3.65, kuma ya fi wuyar kama wuta nesa ba kusa ba. Yawanci shi ne manyan ƙwayoyin nan masu kusurwa huɗu, shuɗɗa. In ka ɗora allon 4.2 a kan ƙwayar 3.65, ba zai motsa ba sai ta wuce iyakarta da fiye da rabin bolt. In ka yi akasin haka, batirinka ba zai taɓa cika ba, ka yi ta zargin caja.

Kada kuma a ce tunda mai fosfet ba ya saurin kama wuta, ba ya buƙatar allo. Shi ma bolt ɗinsa ya fi yaudara, don yana zama a 3.2 zuwa 3.4 kusan duk tsawon cajin, sai a ƙarshe ya yi tsalle. Sahu huɗu da caja mai 14.6: uku suna 3.4, na huɗun ya kai 4.4, jimla ta cika daidai. Kumburi zai biyo baya, ƙwaya mai tsada ta tafi.

Adadin sahu dole ya yi daidai da abin da aka rubuta a allon, na 3S ga sahu uku, na 4S ga huɗu, sai fa manyan allunan da ake saitawa ta waya. Akwai wata matsala da ya kamata mai inbata ta bolt 12 ya sani. Ƙwayoyin laftof ba su dace da ita sosai ba. Sahu uku suna tafiya daga 12.6 zuwa wajen 9, inbata kuwa takan mutu a wajen 10.5, ta bar wuta a batir. Sahu huɗu suna kai wa 16.8, wanda ya fi ƙarfin yawancin inbatocin. Mafi muni shi ne a jona sahu uku a kwanturolar sola da aka bari a saitin batirin ruwa, wadda ke tura 14.4. Raba 14.4 gida uku: kowane sahu 4.8. In ba allo, wannan gobara ce ake jiran ranarta. Mai fosfet sahu huɗu, 12.8, shi ya dace da tsarin 12. Ƙwayoyin laftof sun fi zama daidai a tsarin 24, sahu bakwai, masu cika a 29.4.

Sai amfiya. Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da bolt. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai 12.8 tana jan amfiya 78, in ka ƙara asarar da ita kanta take yi, ya tasam ma 90. Firji ko famfon ruwa kuma a lokacin tashi yana jan ninkin abin da aka rubuta masa. Ɗan allon da aka buga wa 40A ba zai ɗauki wannan ba, kuma lambar da ke jikin allunan araha sau da yawa ta lokacin da komai ke sanyi ce, ba ta cikin rufaffen akwati a watan Afrilu ba. Ni shawarata a sayi wanda ya zarce buƙata da kamar rabi. Wanda ke son wat da yawa kuma ya koma tsarin 24 ko 48, amfiya ta ragu, wayoyi su huta.

Yawancin alluna suna da'awar daidaita sahu. Masu araha suna yin haka ne ta hanyar ƙona rarar wutar sahun da ya riga cika a jikin ɗan rezisto, kimanin miliamfiya 30 zuwa 60, kuma sai a dab da cikar caji. Ka yi lissafi: in sahu ɗaya ya fi sauran da amfiya-awa 2, allo mai zubar da miliamfiya 50 sai ya yi awa 40 kafin ya daidaita su. Ga sababbin ƙwayoyi wannan ya isa. Ga tsintuwa bai isa ba. Akwai masu kwashe wuta daga sahun da ya cika su zuba wa na baya, amfiya ɗaya ko biyu a lokaci guda. Allunan JK suna da wannan, su da Daly da JBD kuma suna da nau'in da ke nuna bolt ɗin kowane sahu a wayarka ta Bluetooth. Ga wanda ke aiki da tsofaffin ƙwayoyi, wannan ganin ya cancanci kuɗinsa.

Zafi kuma namu ne. Masu ƙera ƙwayoyin nan galibi suna cewa a yi caji tsakanin digiri 0 da 45. Na ƙasan ba damuwarmu ba ce. Amma a Sakkwato, da Maiduguri, da Yamai, zafin inuwa yana haura 40 a watannin bazara, ɗakin kwano ya fi haka, kuma sola tana caji ne da tsakar rana, lokacin da zafin ya fi tsanani. Allon da ba shi da wayar jin zafi bai dace da ƙasarmu ba.

Ranar haɗawa

Kafin komai, a kawo duk sahun bolt ɗaya. Sannan a ɗauki igiyar siraran wayoyin da ta zo da allon, wadda ke da farin kai mai ramuka, a zare ta daga jikin allon. Ba a liƙa wayoyin nan alhali kan yana soke. Baƙar ta farko tana tafiya gindin batir gaba ɗaya, ta biyu mahaɗar sahu na ɗaya da na biyu, haka bi da bi har ta ƙarshe ta sauka a kan batir. In an gama, a ɗauko mita, a sa baƙin tsinke a ramin farko na farin kan, a riƙa matsar da jan rami-rami. A batir mai fosfet sahu huɗu, abin da ya kamata ka gani shi ne 3.3, sai 6.6, sai 9.9, sai 13.2. In lamba ta yi tsalle, ko ta koma baya, ko alamar − ta bayyana, an musanya waya, kuma da ka soke kan a haka allon zai ƙone nan take, wani lokaci ba ko hayaƙi. Sai ka yi ta amfani da shi kana zaton yana tsaro.

Kakkaurar wayar da aka rubuta wa B− ita ake fara ɗaurawa a gindin batir, sannan a soke farin kan. Wadda aka rubuta wa P− ita ke fita zuwa inbata. Wasu allunan suna da ta uku, C−, ta caja kaɗai; in aka jona caja a P− a irin wannan allo, kariyar cikar caji ba za ta yi aiki ba. Daga nan duk wata waya ta − ta bi ta allon. Ko ƙwan fitila ɗaya kada a ɗauko kai tsaye daga gindin batir, kada kuma a saci bolt 12 daga tsakiyar batirin 24 don kunna fanka, domin wannan zai tatse rabin batirin ya bar rabi.

A sa fis a kan jar waya, kusa da batir. Wani zai ce ai allon yana yanke shot. Yana yankewa, amma mosfet in ya ƙone yawanci a haɗe yake mutuwa, ba a buɗe ba. Wato wuta za ta ci gaba da wucewa, batir yana aiki kamar kullum, kariya kuwa babu. Fis ba ya irin wannan mutuwar. Don haka ma yana da kyau a gwada allon da gangan kafin a miƙa wa mai shi: a zauna da mita a ga ko ya yanke a inda ya ce zai yanke, sama da ƙasa.

Caja da kwanturola kuma a saita su su tsaya da kansu kafin iyakar allo. Allon na ranar tsautsayi ne, ba shi zai riƙa kashe caji kullum ba. Saitin nan na batirin ruwa da ke tura bolt mai yawa lokaci-lokaci don wanke farantansa, a kashe shi.

"Oga, yana yawan ɗaukewa"

Ga inda sana'a ke rabuwa da son kuɗi. Bayan 'yan makonni mai batir ya dawo: "Oga, wannan abin naka yana yawan ɗaukewa. Da an kunna firji sai komai ya mutu." Mai haɗi yana da aiki a gabansa, ba ya son surutu. Sai ya buɗe akwatin, ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa B− da P−, ya rufe. "Alhaji, an gyara, ba zai ƙara ɗaukewa ba." Kuma da gaske ba zai ƙara ba. Allon yana nan a manne, fitilarsa ma tana iya ci, amma wuta ta zagaye shi.

Wannan ha'inci ne, ko da wanda ya yi bai ɗauke shi haka ba. Allo ba ya yankewa haka kawai. Ko dai sahu ɗaya ya yi rauni yana riga sauran faɗuwa, ko kayan da aka ɗora sun fi ƙarfin allon, ko batirin yana zafi. Akwai dalili na huɗu wanda ke ruɗa mutane: a lokacin da aka fara jona babbar inbata, kafasitocinta na jan wuta mai yawa farat ɗaya, allon ya ɗauka shot ne ya tsinke. Maganin wannan shi ne a fara cika kafasitocin ta cikin rezisto ko ƙwan fitila na 'yan daƙiƙoƙi kafin a ɗaure wayar. Kowane daga cikin huɗun nan mita za ta nuna shi cikin minti goma, kuma kowane yana da gyaransa. Zagaye allo ba ya cikinsu.

Inda ƙarfin allo ya ƙare

Kada wanda ya sa allo ya ce shi ke nan ya tsira. A 2006 an janye batiran laftof kusan miliyan goma da Sony ta ƙera, Dell kaɗai ta janye miliyan 4.1, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikin ƙwayoyi tun a masana'anta. A 2016 Samsung ta janye wayar Galaxy Note 7, daga baya ta daina yin ta ɗungurungum. Duk waɗannan batiran suna da kariya ta kamfani. Matsalar a cikin ƙwaya take, kuma shot ɗin da ya tashi a ciki ba makunnin waje da zai iya yanke shi.

A batirin haɗin gida akwai ƙarin makanta. Allo yana ganin sahu ne, ba ƙwaya ba. In ƙwaya ɗaya cikin goma ta yi shot, sauran taran za su juye mata wutarsu gaba ɗaya, kuma wannan wutar ba ta bi ta allon ba balle ya tare ta. Shi ya sa masu haɗi na ƙwarai ke sa wa kowace ƙwaya siririyar wayar fis tata. Shi ya sa kuma tantance ƙwayoyi ya fi haɗa su cin lokaci: wadda aka tarar ƙasa da bolt 2 a fitar da ita, wadda ta yi zafi a caji a fitar da ita, sauran a cika su a ajiye sati biyu zuwa huɗu, duk wadda ta zubar da wuta da kanta ita ma a fitar da ita. Waɗanda suka tsallake a auna abin da kowace ke ɗauka, a raba su yadda jimlar kowane sahu za ta yi daidai da ta ɗan uwansa. Sababbin da ake sayarwa da tambarin 9,900mAh kuwa kitsen rogo ne. Ƙwayar 18650 ta gaske daga manyan kamfanoni a wajen 3,500 take tsayawa.

Jikin gwangwanin ƙwaya gaba ɗayansa − ne, har zuwa kafaɗarta, inda 'yan milimita kaɗan suka raba shi da kan +. Ledar da ta yage a nan, ko gefen ƙarfen nikel na haɗa ƙwayoyi da ya goge ta, shot ne. A sake wa ƙwayar leda, a sa mata zoben takarda a ka. Liƙi da dalma kuma yana tura zafi cikin ƙwaya, kusa da fallen robar nan. Injin walda mai ɗigo shi ne na aikin. Haka nan akwai wani ɗan murfi a ƙarƙashin kan ƙwaya da ke ɓallewa ya yanke wuta in iska ta taru a ciki. Wasu sukan sa tsinke su danna shi ya koma, su ce sun farfaɗo da ita. Ƙwayar da murfinta ya ɓalle ta gama yawo.

A birnin New York na Amurka, gobarar batiran litiyam, akasari na kekuna da babura masu lantarki, ta kashe mutum 18 a 2023, kuma a wannan shekarar birnin ya haramta haɗawa da sayar da batirin da aka yi da tsofaffin ƙwayoyi. Ban ga irin wannan haramci zai yi aiki a wurinmu ba, inda buƙata ce ta kawo sana'ar, kuma tana ciyar da gidaje. Amma in babu mai duba aikin, nauyin ya koma kan mai haɗi da mai saye.

Kai mai saye, kafin ka biya, ka ce a buɗe maka akwatin. Ka ga allon da idonka, ka tabbata baƙar wayar da ke fita ta jikinsa ta bi, ka nemi fis, ka sa a auna maka kowane sahu a gabanka. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai bolt 0.1 bayan an cika, ka ce a gyara tukuna. In ka kai shi gida, ka sa shi a akwatin ƙarfe, a kan siminti, a wuri mai iska, nesa da katifa da galan ɗin fetur. Kada ka ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana, kada kuma ka ajiye shi a bakin ƙofar da za ku bi ku fita.